Anti Galiema, Mai Shinshina Goruna

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma. Ranar Talata, tara ga watan Yuli, ana tsakiyar sanyi da ruwan sama, Allah Ya karɓi ran Anti Galiema Salie, shugabar ƙungiyarmu ta mata masu tsintar gorunan roba a unguwar Hanover Park, tana da shekara sittin da huɗu. Likitoci sun ce huhu ne. An yi mata sutura a ranar, bayan La'asar. Ni ce Moerida, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a hannunta, kuma a cikin shekarun nan babu ranar da na tabbatar ta yarda da ni.

Da gangan na jinkirta rubutun nan, Anti. Na tsaya ne in ga waɗanda za su riga ni yabonki, na kuwa gan su. Mutanen da watan jiya ke kiranki tsohuwa mai taurin kai, su ne suka cika ƙofar gidanki suna share ido da hankici. Na ƙare wa hankicin wasu kallo, a bushe suke. Idan wannan mugun zato ne, kada ki ga laifina, a wurinki na koya.

Duk wanda ya taɓa shiga rumfarmu ya san yadda kike aiki. Kina zaune kan kifaffen akwati, buhu a gabanki, ki ɗauki gora, ki buɗe, ki kai hanci. Wannan lemo ne, ta wuce. Wannan ruwa ne, ta wuce. Wannan an zuba mata kananzir, wannan maganin ɓera ne irin wanda ake ɗurawa a gorar lemo a sayar a bakin tasha, sai ki jefa su a jar ganga da ke bayan rumfa. Kin ce gorar da muka tsinta yau gobe za ta koma bakin jikan wani, kuma ba ki ga injin wankin da za ki amince masa da jikokin mutane ba. Sau nawa muka ce ki daina, Anti? Nokhaya, mataimakiyarki, har kuka ta taɓa yi miki. Kika ce mata ranar da aka ƙera injin da ke da hanci, ta zo ta tashe ki. Likitoci sun faɗi nasu, amma ni ban daina zargin gorunan nan ba.

Alherinki ma da zargi yake tafe. Duk ranar ruwa kina ɗora tukunyar miyar wake a bakin rumfa, kowa ya zo da buhunsa jiƙe sharkaf sai ya sha. Amma sai kin tsaya a kansa kin ga ya shanye, wai kada ya kai wa wani ragon miji a gida. Ranar Lahadi kina kawo mana koesister, wani irin fanke mai kwakwa, a cikin kwano, ki miƙa wa kowa nata a hannu, don kin ce kin san mu. Da wata a cikinmu ta yi ciki tana ɓoyewa don kada a sallame ta, ke kika fara ganewa tun kafin ya fito. Sai kika mayar da ita wurin cire murfi a bakin ƙofa inda iska ke shiga, kika hana ta ko kallon jar ganga har ta haihu. Yarinyar da aka haifa yanzu tana aji uku, sunanta Galiema.

Nawa labarin kuwa ba mai daɗi ba ne, amma zan faɗa, don in na ɓoye ba za a gane sauran ba. A watana na farko na ɗura jiƙaƙƙen yashi a gorunan da ke ƙasan buhu don su yi nauyi a sikeli. Kika ɗaga buhun, kika girgiza shi kusa da kunnenki, kika jira kowa ya fita cin abinci. Sannan kika ce, "Moerida, teku kika kwaso mana? Je ki mayar musu da yashinsu." Ba ki kore ni ba, ba ki gaya wa kowa ba. Amma daga ranar har makonki na ƙarshe a rumfa, babu buhuna da ya hau sikeli ba ki girgiza shi ba. Kuma kika ɗora mini zubar da jar ganga duk Alhamis, aikin da kowa ke gudu saboda wari. Shekara goma sha ɗaya, Anti. Na ji haushinki ƙwarai, na sha cewa a raina Allah ma Yana yafewa.

Da can babu wanda ya damu da mu. Masu motoci na yi mana oda mu kauce da amalankenmu, masu gidaje na sako mana karnuka. Sai aka zo da dokar da ta ce duk gorar lemo ko ta ruwa da za a ƙera, dole a sa mata wani kaso na robar da aka riga aka yi amfani da ita. Nan take bola ta yi daraja. Masu kwat suka fara zuwa ɗaukar hoto da mu, aka yi wa ƙungiya rajista, aka ba mu hatimi. Duk damin matsattsun goruna da hatimin nan ya hau, shaida ce cewa gorunan cikinsa daga hannun masu sha suka fito, mu muka tsince su, muka tantance. Da shi masana'anta ke karɓar kayanmu, kuma an faɗa mana ƙarara, ranar da aka kama shi a kan ƙarya an soke mu. Abincin mata ashirin da uku yana rataye a wannan ɗan katakon. Muna ta murna, ke kuwa kika juya shi a hannu kika ce daga yau za mu fara ganin 'yan uwan da ba mu san muna da su ba.

Na farkonsu Shamiel ne, mai motar da ke kai dammanmu masana'anta. Ɗan unguwa ne, kin san uwarsa, bakinsa kamar an shafa masa zuma. A watan Mayu ya zo da mota cike da dammai, ya ce wasu mata ne a unguwar Philippi suka tara, ba su da rajista, a taimaka a buga musu hatimi, mu ma za mu ga alheri. Mu dai mun ga goruna a matse, da laka a jikinsu, ba mu ga komai ba. Kika sa aka yanke wayar dami ɗaya. Kika shinshina ta farko, ta biyu, har goma. Sannan kika shafa wuyan ɗaya da babban yatsa, inda ɗan zoben nan yake zama bayan an murɗe murfi. Babu zobe.

"Shamiel, wa ya sha waɗannan?"

Ya yi dariya. "Haba Anti, ni na san sunayensu?"

"Ba su da suna, ɗana. Baki bai taɓa su ba. Lakar waje ka shafa, ka manta ciki. Kwashe kayanka kafin in aika a kira mini uwarka."

Daga baya muka ji cewa irin waɗanda ke lalacewa ne a wurin ƙira, ko lemo ba su gani ba, kuma doka ba ta ƙirga su. Ban san daga ina ya samo su ba, ban kuma san wa ke bayansa ba, amma ban yarda shi kaɗai ba ne. Washegari motarsa ta lalace. Ta yi mako biyar tana lalace a wurinmu, alhali muna ganinta tana wucewa ta bakin titi lafiya lau. Dammai suka taru har rufi, ruwa na dukan na waje. Mata suka fara gunaguni. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce akwai wanda ke shafa miki wani abu a ɓoye don ki hana Shamiel. Ba ni na fara maganar ba, Anti, amma da aka yi ta a gabana ban musa ba. Ina jin kunyar wannan har yanzu. Ke kuwa kina tari kina yawo a cikin ruwa, sai da kika samo mana wata tsohuwar mota.

Ranar Juma'a kika yi aikinki na ƙarshe, Asabar aka kwantar da ke, Talata kika tafi. Bayan kwana uku Nokhaya ta buɗe akwatin da hatimi ke zama, babu shi. 'Yarki Faldela ta zazzage ɗakinki, har cikin matashin kai, babu. Daga nan rumfa ta koma wurin kallon-kallo. Ban san yadda labarin yashi ya fita ba bayan shekaru, amma na lura in na shigo sai hira ta mutu. Ni ma ban bar kowa ba. Na zargi Nokhaya don ita ke da mabuɗi. Na zargi Faldela don na ga Shamiel ya daɗe yana yi mata gaisuwa a ƙofa. Mata ashirin da uku da suka ci kwano ɗaya shekara da shekaru, kowace ta riƙe jakarta a hammata.

Ranar addu'ar bakwai Shamiel ya zo da katan-katan na lemo, ya fi kowa kuka. Da aka shafa, ya same mu a tsakar gida, ya rage murya, ya ce ya je asibiti ranar Lahadi, kin kama hannunsa kin ce kin yi kuskure, a buga masa. Ya ce duk wadda hatimi ke hannunta ta cika wasiyyar mamaciya, shi kuma ba zai manta da ita ba. Yana maganar yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya fi daɗewa a tawa. Zan faɗa miki gaskiya, Anti, ko ke sai da na zarga. Na ce ko ciwo ya karya ki, ko ma kin miƙa masa hatimin tuni, wannan duk wasa ne yake mana.

Alhamis ta zagayo. Ta makon rasuwarki ba a yi aiki ba, don haka jar ganga ta yi mako biyu ba a taɓa ta ba, kuma babu wadda ta yi tayin taya ni. Na ɗaure hanci, na ja ta zuwa wurin zubarwa, na kifar. A can ƙasa, cikin gorunan kananzir, na ga wata babba da aka yanke biyu aka sake haɗawa, an ɗaure ta da koren ɗankwalinki. Na kwance. Hatimi ne a naɗe cikin leda, da guntun kwalin shayi, da rubutunki mai kama da tafiyar kaza: "Moerida, ki girgiza kowane buhu. Har naki."

Na zauna a bakin ramin cikin warin nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Kin san ba za ki dawo ba tun ranar Juma'a. Kin duba rumfar duka kin zaɓi wurin da hannu ɗaya tak ke shiga, kuma hannun nan kin yi shekara goma sha ɗaya kina auna shi. Har yau ban sani ba ko kin yarda da ni ne, ko kuwa kin ga ɓarawon da ya tuba ya fi kowa sanin inda ake ɓoye yashi. Na san in da zan tambaye ki, harara kawai zan samu.

Na kai hatimin gaban mata duka, na ajiye a kan akwatinki, na karanta musu takardar, na kuma ba su labarin yashi da bakina. Nokhaya ta ɗauka ta mayar mini a hannu. Ranar Litinin Shamiel ya zo da motarsa, ta warke. Na sa aka yanke waya, na shafa wuyan gora, na kai hanci. Ba ni da hancinki, amma rashin wari kowa na iya jinsa. Ya ce, "Yaya Moerida, wasiyyar Anti fa?" Na ce masa na karɓi tawa a rubuce, ya kawo tasa. Abu ɗaya nasa ne kawai ya sami hatimi a rumfarmu, gorunan lemon da ya kawo ranar addu'a. Na bi tsakar gidanki na tsince su tas, domin su kam baki ya taɓa su.

Ban san abin da zai biyo baya ba. Tsohuwar motar da kika samo tana tafiya tana tsayawa, kuma 'yan uwan da ba mu san muna da su ba ba su ƙare ba. Amma kullum da safe, kafin buhuna ya hau sikeli, ina ɗaga shi in girgiza a gaban kowa.

Ya Allah, ga baiwarKa Galiema ta zo gare Ka. Ka jiƙanta, Ka yafe mata kurakuranta, har da zargin da ta yi wa wanda bai cancanta ba, Ka yafe mana wanda muka yi mata. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta ƙare rayuwarta tana shaƙar abin da ta hana ya kai bakin 'ya'yan mutane, Ka musanya mata da ƙamshin Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Faldela da ƙaninta Achmat, da jikokinta biyar, da dangin Salie baki ɗaya, da Nokhaya da sauran matan rumfa, da ƙaramar Galiema da har yanzu take tambayar yaushe Anti za ta dawo. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa mu riƙe abin da ta bar mana da gaskiya, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.