Yadda kawuna ya koya mini Fiziks da ƙwarya da albasa

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ko gadar Kwara ba a gina a Onica ba, ina aji uku a sakandare. A unguwar Fegge muke zaune, mahaifina yana da rumfar albasa a kasuwar Ose. Ni kaɗai ne Bahaushe a ajinmu, kuma ina ji da kaina fiye da kima, don babu wanda ya kai ni hadda. Makarantar allo ce ta ba ni wannan. Duk abin da aka rubuta a allo sai in rera shi, ina kaɗa kai, har ya zauna daram. Da haka na ci Tarihi, na ci Labarin Ƙasa.

Fiziks ce ta tona mini asiri. Na haddace littafin har da waƙafi, amma da malami ya sauya lamba ɗaya a tambaya sai in tsaya ina zare ido. Zango biyu a jere na faɗi warwas. Mahaifina ba mai yawan magana ba ne. Ya sa na karanta masa takardar sakamako, ya ce, "To. Idan ka sake faɗuwa a wannan, ga rumfa tana jiranka." Na san ba wasa yake ba, kuma ba na son barin makaranta ko kaɗan.

Ana saura mako uku jarrabawa, kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya iso. Ɗan jirgi ne, shi ke sauko wa mahaifina da albasa daga Yawuri ta ruwa. Bai taɓa shiga ajin boko ba. Wata ranar Asabar da hantsi ya same ni a bayan rumfa, na tasa aikin gida a gaba, ina ta rera dokar da ke bayanin abin da ke sa abu ya yi iyo a kan ruwa.

"Malam Bature, wace sura ce wannan?"

Na ce aikin gida ne, Kawu, ba za ka gane ba. Har yau idan na tuna da wannan amsa kunya nake ji.

Bai yi fushi ba. Ya jawo buhu ya zauna. "Gaya mini abin da aka tambaye ka."

Na gyara murya na zazzago masa dokar da Turanci, tiryan-tiryan.

"Ba ja mini baƙi na ce ka yi ba, ɗana. Da Hausa. Me mutumin yake so ya sani?"

Na kusa shekara ina rera abin nan, ban taɓa tambayar kaina me yake nufi ba. Da ƙyar, ina in'ina, na haɗa masa: jirgi ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, an faɗi tsawonsa da faɗinsa, an ɗora masa kaya laba kaza, ana so a san inci nawa zai ƙara nitsewa.

Kawu ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Wannan ce ta hana ka cin abinci? Ai kullum ita nake amsawa. Nawa jirgin, buhu goma yatsa biyu ne. Ranar da na kuskure wannan lissafi, uwarka ta yi rashin ƙane."

Ya aike ni na aro daro da faranti babba a wurin mai tuwo, shi kuma ya karɓo sikeli mai hannu biyu a wurin wani mahauci, da kwanoni biyu iri ɗaya. Ya ɗora daron a cikin farantin, ya cika shi da ruwa taf har baki. Sannan ya saka ƙwarya a hankali, ya ce in riƙa jefa albasa ciki ɗaya bayan ɗaya. Ƙwarya tana nitsewa, ruwa yana tsiyaya cikin faranti. Wata mai sayar da manja da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta tambaya da Turancin kasuwa ko miya za mu dafa: "Malam, una wan cook soup for here?" Kawu ya ce mata ta jira, in miyar ta nuna za a kira ta.

Da albasa ta kai bakwai ya ce ya isa. Ya juye ruwan farantin a kwano ɗaya, ya saka ƙwaryar da albasarta a ɗayan, ya ɗora su a sikeli. Hannun sikelin ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya daidai.

"Ka gani? Ruwa ba ya ɗaukarka sai ka ture masa kwatankwacin nauyinka. Yanzu koma kan jirginka. Nemo ruwan da ya kai nauyin kayan, ka shimfiɗa shi a ƙarƙashin gindin jirgin. Kaurinsa nawa?"

Na ɗauki fensir, layi huɗu na yi, amsa ta fito. Na duba bayan littafi, ita ce. Cikin zumuɗi na gaya masa ai wani Bagirke ne ya gano wannan tun zamanin da, sunansa ma yana cikin littafi.

"Shi ma ɗan jirgi ne?"

"A'a, an ce a wurin wanka ya gano."

"To, ya yi ƙoƙari," in ji Kawu.

Kwana biyar muka yi a haka, kullum bayan la'asar. In fassara masa tambaya, shi kuma ya nemo abin da zai nuna mini. Da gora da dutse ya koya mini yadda ƙaramin ƙarfi ke ɗaga babban kaya, da katakon da ’yan dako ke gangaro da buhu a kai ya nuna mini abin da gangare ke ragewa. Wasu tambayoyin, kamar na lantarki, ya ce kai tsaye bai sani ba, in je in tambayi malamina kada in ji kunya. Ban taɓa ganin mutum mai kaifin kai da sauƙin hali irinsa ba, kuma na yi zama da masu digiri da yawa daga baya.

Ban zo na ɗaya ba, kada in cika baki. Na dai haye da ɗan rata mai kyau. Da na karanta wa mahaifina, ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Je ka kai wa uwarka cefane." Maganar rumfa ba ta sake tasowa ba.

Na girma ina ɗauka sa'a ce kawai ta kawo Kawu bayan rumfa a ranar. Sai da na fara koyarwa, shekaru bayan Kawu da mahaifina sun rasu, mahaifiyata ta gaya mini yadda aka yi. Ashe mahaifina ne ya ja shi gefe ya ce, "Yaron nan karatu yake da baki kawai, duba mini shi." Kuma ’yan jirgin Yawuri a ayari suke komawa, saboda hawan ruwa da wuya, ana buƙatar juna. Ayarin ya tashi ranar Lahadi. Kawu ya ce su je, yana da sauran aiki a Onica, ya hau Kwara daga baya da jirginsa shi kaɗai, ba wani jirgi a gaba ko a baya.

Mutanen nan biyu, babu wanda ya iya karanta layi ɗaya a littafin nan, su suka tsayar da ni a makaranta, kuma ban taɓa ce wa ko ɗayansu na gode ba. Allah Ya jiƙansu da rahama.