Fadamar da Yaya Ya Ɓoye

Yayana shekara ashirin da bakwai ya yi yana jagorar baƙi a gandun dajin da ke bayan garinmu. Ni kuma wanki da guga nake yi a ɗakunan saukar baƙi na bakin ƙofar gandun, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinto shi ba. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, amma hali kowa da nasa. Ni idan magana ta zo min wuya sai ta fita. Shi kuwa sai ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba, har matarsa takan ce da ta san haka auren yake, da rediyo ta saya ta huta.

Da sassafe yake fita, da kakinsa da nake goge masa, da takalmin roba, da sanda, da gorar ruwa. Aji huɗu ya yi a makaranta ya bari. Amma idan ya tsuguna a kan kashin dabba, zai gaya maka wace ce, yaushe ta wuce, kuma ina ta nufa. Masu yawon buɗe ido suna son sa don ba ya cika su da surutu. Masu bincike daga jami'a kuwa, tun kafin su sauke jakunkuna suke tambayar ko Baba yana nan, don haka suke kiransa. Littattafai nawa aka rubuta da ƙafarsa, Allah kaɗai ya sani. Shi dai bai taɓa karanta ko ɗaya ba.

A yammacin gandun, bayan wani dogon dutse, akwai fadama da ƙaya da dogayen ciyayi suka rufe. A nan gauraki suke sheƙa da damina, tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da tukku ruwan zinare a ka. A farkon aikinsa, lokacin yana ɗokin a ce ya san daji, Yaya ya kai wani mai ɗaukar hoto wurin. Hoton ya fito a mujalla, har da bayanin hanya. Damina ta gaba masu kamun tsuntsaye suka biyo bayanin, suka kwashe 'ya'yan kaf suka sayar wa masu son ado a farfajiyar gidajensu. Yaya ya tarar da sheƙuna wayam, da igiya, da sawun takalma. Shekara huɗu gauraki ba su sake sauka a fadamar ba.

Da suka dawo bai gaya wa kowa ba. Ni ma a wajen wanki na kama shi. Na ɗaga wandonsa na ga baƙar laka har gwiwa, irin wadda sabulu biyu ba ya fitar da ita, na ce, "Yaya, wannan lakar ta bayan dutse ce. Me kake nema a can?"

Ya dube ni, ya ce, "Sun dawo, Auta. Ki kama bakinki."

To, ni da ba na iya riƙe magana, wannan na riƙe ta shekara goma sha tara. Duk baƙon da ya nuna yamma ya tambaya, amsar Yaya ɗaya ce: ba komai a can sai sauro da laka, mota ma ba ta shiga. Sai ya juya da su gabas, ya nuna musu gada da birai da kada, kowa ya koma gida da murna.

Ana nan sai Dakta ta zo. Malamar jami'a ce, harkar bunƙasa yawon buɗe ido da kare namun daji take bincike. Mace ce gajeriya mai tabarau, mai saurin tafiya, kuma ita kaɗai ce baƙuwar da ta taɓa ninke min zanin gado kafin ta miƙo. Ma'aikatar yawon buɗe ido ce ta ba ta aiki: ta bi gandun lungu-lungu, ta rubuta inda dabbobi suke don a bar musu, ta kuma nuna inda babu komai don a gina babban otal da wurin ajiye motoci. Yaya bai san da zancen otal ba. Shi a ganinsa wata mai bincike ce kamar sauran, za ta yi rubuce-rubucenta ta tafi.

Damina uku suna yawo tare. Tana riƙe da na'urar auna wuri da littafi, yana gaba da sanda. Sau biyu na ji da kunnena ta ce, "Baba, bayan dutsen nan fa? Ya kamata mu leƙa." Sau biyun ya ba ta amsar da ya saba. Da ta matsa, sai ya kai ta da rani tsakar rana, ya tsayar da ita a gefen da ya bushe ƙurmus, ta duba hagu da dama ba ta ga ko kurciya ba. Ta rubuta abin da ta gani. Laifinta ɗaya, ta yarda da shi fiye da yadda aikinta ya halatta mata, kuma wa zai ga laifinta? Duk abin da ya taɓa gaya mata a wancan dajin ya tabbata.

Bayan wata bakwai da tafiyarta, na shiga ofishin Manaja karɓar labule, na tarar an manna wata sabuwar taswira a bango. Gabas duk an shafa kore. Yamma an bar ta fara, da wani jan murabba'i a tsakiya. Yaya ya shigo sa hannu a littafin ma'aikata, ya tsaya a gabanta. Ba ya karanta Turanci, amma taswira ba ta ɓace masa. Ya ɗora yatsa a kan jan, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan mene ne?"

Manaja ya ce, "Otal ne, Baba, ɗaki tamanin. Rahoton Dakta ya nuna nan ne kaɗai ba za a takura wa dabba ba. Za a cike kwarin da ƙasa bayan damina. Ai kai ka taimaka, sunanka ma yana cikin godiya."

Yaya ya sa hannu a littafi ya fita. Na bi shi da labule a kafaɗa, na same shi a bayan ɗakin wanki ya zauna a kan bokiti. Wallahi haushinsa na ji kafin tausayi. Na ce, "To, ka gani! Ka ɓoye su, ka ɓoye su, har gwamnati ta yarda babu su. Yanzu sai ka gaya wa katafila ta bi ta gabas."

Kwana uku yana fita aiki yana dawowa, abinci sai dai ya taɓa. Rana ta huɗu masu awo suka zo suka kafa turaku masu jan fenti har bakin fadamar. Da yamma ya leƙo ɗakin guga ya ce, "Auta, gobe za ki raka ni jami'a. Ni ban san kan birni ba."

Mota biyu muka shiga. Ofishin Dakta yana hawa na biyu, ɗan ƙarami, kundaye sun cinye kujerun, fanka tana juyi tana ƙara. Irin taswirar nan tana bango. Ta tashi da fara'a, ta kwashe takardu ta ba mu wuri, ta sa a kawo shayi. Yaya bai zauna ba. Ya cire hula ya riƙe da hannu biyu, ya ce, "Dakta, na zo in gaya miki na yi miki ƙarya. Bayan dutse akwai gauraki. Bana sheƙa goma sha ɗaya. Da gangan na kai ki gefen da babu komai."

Ta cire tabarau ta ajiye. Na ɗauka ihu za ta yi, amma muryarta ƙasa-ƙasa ta fito. "Baba, an buga rahoton nan. Na tsaya a gaban kwamiti na kare shi. Ɗalibaina biyu a kansa suka gina nasu aikin. Shekara uku ina kiran ka Baba. Me ya sa?"

Ya ba ta labarin mai hoto, a taƙaice yadda ya saba. Ta ce, "Da ka gaya min, da na san yadda zan rubuta shi ba tare da na nuna hanya ba. Akwai yadda ake yi."

Ya ce, "Ban sani ba. Shi ma wancan cewa ya yi ba zai nuna ba."

Ni fa a nan bakina ya ƙi zama. Na ce, "Dakta, ki yi haƙuri, amma ke ma damina uku kina ganin dutsen nan, ƙafa gare ki." Yaya ya harare ni. Ita kuwa ta dube ni ta ce, "Gaskiyarki, Inna. Shi ne abin da ya fi ci min rai."

Daga nan ta zauna ta yi mana bayani dalla-dalla, babu kwana-kwana. Yanzu an riga an kafa turaku, kwamiti ba zai janye otal don jin magana ba. Sai ta rubuta gyara, ta amsa cewa rahotonta ya yi kuskure, ta sa ainihin wurin a taswira, ta kai mutane su gani da idonsu. Kuma dole ta faɗi yadda kuskuren ya faru. Ta ce, "Ba zan iya cewa na duba ban gani ba, don ba haka aka yi ba. Idan na rubuta gaskiya, ma'aikata za ta san ma'aikacinta ya ɓatar da binciken da ita ta sa a yi. Ka san abin da zai biyo baya. Ni ma ba zan fita salin-alin ba."

Yaya ya ce, "Rubuta."

Ta miƙo masa biro, ta ce ya nuna wurin da hannunsa. Ya karɓa, ya zagaye fadamar a taswirar da ke bango.

Sati uku bayan haka kwamiti ya zo, mota shida. Yaya ya sa aka bar motocin a bakin dutse, ya ce kowa ya kashe waya ya rufe baki. Manyan mutane da takalma masu sheƙi suka shiga laka har idon sawu, kuma ni na wanke safarsu daga baya, don haka na san ba ƙari na yi ba. Direban da ya bi su ya gaya min da suka ɓullo ta cikin ciyawa, gauraki sun fi ashirin a tsaye, ga 'ya'ya suna bin iyaye. Shugaban kwamitin ya tambayi Yaya tun yaushe ya san da su. Ya faɗi gaskiya. Mutumin ya rubuta a ɗan littafinsa.

Dakta ta sha nata. An karanta gyaranta a gaban abokan aikinta, an karɓe mata aikin wani gandun da aka riga aka yi mata alkawari, ɗalibanta suka koma daji suka sake awo. Duk da haka ta rubuta wa ma'aikata takarda ta musamman tana roƙon a bar Yaya a bakin aikinsa. Na san da wannan don ta turo mana kwafi, ɗan maƙwabcinmu malamin makaranta ya fassara mana. Daga ranar ban sake jin haushinta ba.

Amsa ta zo ƙarshen damina. Manaja ya aiko a kira Yaya, ni kuma na bi shi ba tare da an gayyace ni ba. Takarda ɗaya ce, sakin layi biyu. Manaja ya karanta yana fassarawa, bai ɗaga kai ba. Na farko ya ce an soke ginin otal a yammacin gandun, za a cire turaku, an sa fadamar cikin wuraren da ba a gini ba a shiga da mota, kuma za a ajiye masu gadi biyu duk damina. Na biyu ya ce saboda ɓatar da binciken hukuma da gangan, an sallami jagoran daga aiki, ya miƙa kaki da katin shaida kafin ƙarshen mako, kuma ba zai sake shiga da baƙo gandun ba.

Na miƙe zan zazzage abin da ke cikina. Shekara ashirin da bakwai! Mutumin da ya ciyar da tsuntsayen nan da shirunsa, shi za a kora kamar ɓarawo? Yaya ya riƙe min hannu ya zaunar da ni.

Manaja ya ninke takardar, ya ce, "Baba, wallahi ba daga ni ba ne. Idan kana so, in sake karanta maka na biyun a hankali, ko akwai inda za a ɗaukaka ƙara."

Yaya ya ce, "Na biyun na ji shi, ranka ya daɗe. Na farkon za ka maimaita min."