Neman Aron Gona a Gidan da Ba Maigida

Lanham, Amurka, Asabar

Mun tashi ƙarfe biyar da rabi na asuba, ni da surukina Yohanna, a motarsa. Wata huɗu ina zaune a gidan 'yata Saratu, ba aiki sai kallon taga. Tun da fari ya cinye min shanu ban taɓa zama haka ba. Na ce mata ko a samo min gona, ko a saya min tikitin gida. Yohanna ya ce akwai wani gidan gona na da, wajen Manassas. Na sa goro goma a aljihu.

Hanya

Mil arba'in da biyar. Ba shinge, ba soja ko ɗaya. Mun sha shayi da burodi, dala biyu.

Gidan gona

Mun jira har ƙarfe tara aka buɗe. Gidan katako ne. Na cire takalmi, na yi sallama sau uku. Yohanna ya ce, "Baba, shiga kawai ake yi." Ban shiga ba sai da wata Baturiya mai doguwar riga ta fito.

A ciki ga gado a gyare, an tare shi da igiya. Ga tukunya a murhu, ba mai ci. Fartanya da lauje a bango, an hana taɓawa.

Na miƙa goro, na ce a yi min iso wurin maigida, aron gona nake so, in kaka ta yi in kawo masa dami. Yohanna ya fassara yana kallon ƙasa. Ta ce maigidan ya zo daga ƙetaren teku, ya sare daji, ya kafa gidan, ya mutu kusan shekara ɗari biyu ke nan. Na yi mata gaisuwa. Ta ce ba ta haɗa komai da shi ba.

"To masarar bayan gida ta wa ce?"

"Ta kallo ce, Baba," in ji Yohanna.

Na je na duba. Ciyawa ta ci rabinta. Na durƙusa na fara cira da hannu. Matar ta tsaya a kaina, can ta ɗauko wata fartanya daga rumfa ta ba ni. Ta ce in zo duk Asabar, amma ba lada, ba dami.

Komawa

Mun iso ƙarfe huɗu. Na gode wa Allah, na gode wa Yohanna. Saratu ta tambaya ko an ba ni gonar. Na ce ban sani ba, na dai yi wa mamaci noma. Ta kalli ƙasar da ke farcena, ta ce tikitin fa?

Na ce a bari sai masara ta nuna.