Jaji da Kwalbar Ƙanensa

Jaji direba ne, Ƙaura zuwa Zariya, ga saurin fushi ga saurin hucewa. Tun rasuwar mahaifinsu a Badarawa shi ya riƙe ƙanensa Misbahu, har ya zama malamin kimiyya a Ƙaura. Duk tasha an gaji da jin labarin Misbahu.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Misbahu na neman digiri na biyu a kan silikon, ɗan abin nan mai kama da fasasshen madubi da ake yin kayan rediyo da shi. Ana tsoma shi a ruwan asid, a ba shi lantarki, in an dace ya ba da haske. Nasa kuwa ya ƙi ƙememe. Kumfa ke manne masa, ya fito dabbare-dabbare. Sai ya roƙi yayansa ya karɓo masa wata kwalba a Zariya.

A hanya murfin ya yi yoyo. Wari irin na giya ya cika mota, wata tsohuwa ta hau salati, fasinjoji suka bi Jaji da harara. Ranar ya ga ta kansa! Ashe duk wahalar da ya sha kan Misbahu, a giya za ta ƙare?

Da isowa Ƙaura, ko kaya bai sauke ba, ya faɗa ɗakin gwajin Misbahu yana huci.

"Misbahu, mi ka sa ni ɗaukowa? So kake a tsala mini bulala cikin kasuwa?"

Misbahu ya rantse sifirit ne irin na asibiti, ba na sha ba, aikinsa korar kumfa. Jaji ya ce a bar dogon turanci, gani ya kori ji. An ɗauke wuta, sai ya ciro batirin motarsa da kansa.

Misbahu ya zuba sifirit cikin asid. Guntun silikon na farko lantarki ya yi masa yawa, ya marmashe. Na biyu an tsame shi da wuri, shiru kake ji. Na uku Misbahu ya rage wutar, ya ƙara lokaci, ya rufe taga, ya haska masa fitilar gane jabun kuɗi. Sai ga ɗan abin ya yi jawur kamar garwashi, kuma ba zafi!

Jaji ya ƙwala kabbara, murna har da ƙwalla. Ya fita a guje ya taso fasinjojin da ke jiran kayansu, har tsohuwar. Ya ce ba mai zuwa gida sai ya shigo ya ga abin da ƙanensa ke yi da kwalbar.