Ya Ba Ta ko Ya Ɓata

A layin masu buga takardu, tsakanin mai ɗaukar hoton fasfo da mai ɗinkin littattafai, akwai wani ɗan shago da ƙofarsa ba ta buɗuwa gaba ɗaya saboda injin kwafi ya tokare ta. A nan Malam Ƙugiya ya yi shekara talatin da ɗaya yana buga wa mutane rubutu. Ba sunan yanka ba ne, amma ya daɗe da cinye na yankan.

Tun zamanin tafireta ya samo shi. Tafireta ba ta san ƙa da ɗa da ɓa ba, duk ka da da da ba take fitarwa. Sauran masu bugu haka suke miƙa wa mutum takardarsa, su ce ai mai karatu ba jaki ba ne, zai gane. Shi kuwa in ya zare takarda sai ya ɗauki biro mai tsinin baki ya bi ta layi-layi, yana lanƙwasa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Ko da kwamfuta ta zo biron bai bar aljihunsa ba. An sha ganinsa tsaye a jikin allon sanarwar asibiti yana gyara wa mutanen da ba su sa shi ba.

Ƙugiyar ce ma ta samo masa mata. Wata rana wata budurwa mai koyon ɗinki ta shigo da littafin rubutu na 'yan makaranta, ta ce labari ne take so a buga mata. Rubutunta a guje yake, babu ƙugiya ko ɗaya, kalmomi kuma a manne da juna kamar fasinjan motar haya. Bai yi shafi uku ba ya ɗago kai.

“Malama, a nan kin ce aljanin ya zo neman aure da baki goma. Baki ne na cin abinci, ko baƙi ne 'yan rakiya?”

Ta ce, “Aljani ne fa, Malam. Duk wanda ka sa masa ya zauna.”

Bai yi dariya ba sai bayan ta tafi. Shekara na zagayowa aka ɗaura musu aure.

Allah bai ba su haihuwa ba. Littattafai ta yi ta haifa, goma sha tara, ƙanana masu bangon ruwan hoda, duk na soyayyar mutum da aljan. Aljanunta ba na tsamiya ba ne ko na kufai. Na cikin gari ne: wani yana zaune a tankin ruwan saman bene, wani yana tuƙa motar haya da ba ta tsayawa sai ga wadda aka ɓata wa rai, wani kuma shi ke riƙe da jar fitilar mahaɗar titi har sai budurwarsa ta tsallaka. Ba sa shan jini, ba sa shiga jikin kowa. Iyakacinsu kishi da kawo kyautar da ba ta dace ba. Masu ɗinki da masu jinya da 'yan matan kanti suna karɓar littattafan hannu da hannu har bango ya rabu da ciki, kuma kowanne da daɗi yake ƙarewa.

Duk sha taran shi ya buga su, kuma bai karanta ko ɗaya ba. Wanda bai san aikin ba zai ce ƙarya ne, amma masu bugu sun sani: ido ya ɗauka, yatsa ya ajiye, zuciya tana can tana nata sha'anin. Abin da kawai ke tsayar da shi kalma ce mai fuska biyu. Sai ya zagaye ta da fensir, in ya koma gida bayan la'asar ya tarar da matar a kan keken ɗinki, ya tsaya a kanta da takarda.

“Nan fada ya je ko faɗa ya je?”

“Faɗa. To ya ka ga labarin, Malam?”

“Shafi na arba'in kin bar waƙafi har guda shida.”

Sai ta yi dariya ta ce Allah ya shirye shi. Haka aka yi ta yi, littafi bayan littafi. Bai lura da lokacin da dariyar ta ragu ba, bai kuma lura da lokacin da ta daina tambayar ba. A ransa abin 'yan mata ne, shi dai nasa ya fitar mata da shi tsaf, kada a ce matar Malam Ƙugiya ta yi kuskure.

Daga baya waya ta shigo ta kwashe masu karatun. Yanzu a waya ake rubuta irin labaran, a waya ake karantawa, babu ƙugiya babu waƙafi, kowa kuma lafiya lau yake ganewa. Mai injin ɗab'in da ke fitar mata da littattafan ya koma buga kalanda. Duk da haka ta sayi sabon littafin rubutu ta fara na ashirin, tana yi tana ajiyewa, har shekara biyu.

Da hantsi abin ya same ta, tana shanya a tsakar gida. Hawan jini, in ji likita. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai kalma ɗaya tak da ta rage mata: “To.” Da ita take neman ruwa, da ita take ƙin magani, da ita take amsa gaisuwa. Ƙanwarta Auta, wadda mijinta ya rasu, ta tattaro kayanta ta dawo gidan jinya. Ita ce ta tsinci littafin rubutun a aljihun keken ɗinki ta miƙa masa.

“Yaya, ga amanarka. Ta gama shi tun kafin ta kwanta.”

Ya ji daɗin samun abin da zai iya yi mata, don jinya ba ta karɓe shi ba: in ya ɗaga ta sai ya fama mata kafaɗa, in ya ba ta abinci sai ya zubar. Kwana tara ya yi yana bugu a shago, yana warware kalmomi masu fuska biyu da kansa daga abin da ke gabansu da bayansu. A rana ta goma ya iso layin ƙarshe. Ga abin da ta rubuta:

“Ta mika hannu tace bani makullin. Ya dubeta yayi murmushi ya bata.”

Ya sa wa miƙa ƙugiyarta, ya raba ta ce, ya raba ba ni. Da ya zo kalmar ƙarshe yatsunsa suka tsaya a sama. In ya raba ta biyu, ya ba ta ke nan, ta karɓi makulli. In ya sa ƙugiya, ya ɓata ke nan, ta tsaya da hannu a miƙe. Babu komai bayan kalmar, ko ɗigo.

Mai ɗinkin littattafai ya leƙo neman aron almakashi, ya tarar da shi ya zuba wa takarda ido. Da ya ji matsalar sai ya ce, “Wannan ne ya hana ka cin abinci? Sa ya ba ta kawai. Mata ba sa son a tashi labari da kuka. Kuma wa zai karanta, ni ko kai?”

Malam Ƙugiya ya miƙa masa almakashin. Ya naɗe littafin ya tafi gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya tarar da Auta tana matse tsumma a bakin famfo, ya nuna mata layin.

Ta goge hannu ta duba, ta daɗe, sannan ta ce, “Kai da ka buga shi tun daga farko, ni za ka tambaya?”

“Bugawa daban, karantawa daban.”

“Ashe ka sani.” Ta mayar masa da littafin. “Abin da ta ce min kawai, wannan karon ba za ta yi wa kowa ƙarya ba. Je ka karanta, Yaya. Kukan kurciya jawabi ne. Ko shi ma sai an sa masa ƙugiya za ka ji?”

Washegari ya shiga shago ya turo ƙofa, ya karanta labarin matarsa a karo na farko.

Wani aljani ne da ke zaune a matattakalar wani bene mai hawa shida, yana riƙe da makullin hawa na bakwai, inda ainihin gidansa yake. Wadda ke sonsa ba budurwa ba ce irin na sauran littattafan. Mace ce mai ɗinki da ta haura hamsin, ta yi shekaru tana gaishe shi a kan matattakala, tana roƙon ya nuna mata hawan nan sau ɗaya. Aljanin ba mugu ba ne. Yana ɗauke mata kaya, yana kashe mata fitila in ta manta. Yana goge tabarau da bakin riga kafin ya yi magana. In ya ga hoto a karkace a bango ba ya iya wucewa sai ya daidaita shi. Ranar da ta ce masa tana sonsa, sai ya ce mata maɓallin rigarta na biyu ya kusa tsinkewa.

Malam Ƙugiya ya cire tabarau zai goge da bakin riga, sai ya tsaya, ya mayar da shi a haka.

Ya kwaso sha taran daga saman kabad ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin mako biyu. Na tankin ruwa, na motar haya, na jar fitila, kowanne da tabarau, kowanne da gyaran abin da ya karkace. A sha tara ɗin nan kowanne a shafin ƙarshe yakan buɗe hannu ya ba da abin da aka roƙa. Ya so ya kafa hujja da wannan, sai maganar Auta ta dawo masa: wannan karon ba za ta yi ƙarya ba. To waɗancan ne ƙaryar, ko kuwa tana nufin wannan karon da gaske ya bayar?

Ya koma ga abin da ya iya. Ya bi littafin rubutun ya zagaye duk inda ta rubuta bata, wuri talatin da huɗu. Ya ɗauko rula yana auna tazarar da ke tsakanin a da t, ko tana ɗan buɗawa in tana nufin bayarwa. Babu bambanci ko na silin gashi. Shekara ashirin da takwas tana bar masa wannan aikin, don ta san zai zo ya tambaya.

Ya je ya tambaya. Tana jingine da filo biyu kusa da taga, Auta ta gama taje mata kai. Ya durƙusa a gaban gadon ya buɗe shafin.

“Nan wurin. Ya ba ta ne?”

Ta dube shi. “To.”

“Ko ya ɓata?”

“To.”

Ya zaro biron aljihunsa ya sa mata a hannun hagu, ya riƙe mata littafin. Hannun ya yi ta rawa a saman takarda, bakin biron ya sauka kusa da kan b ɗin, ya ja wani ɗan layi a karkace, ya zame ya faɗi a kan zani. Ya kai shafin bakin taga ya duba, ya juya shi, ya sake dubawa. Ya sa ƙugiya ta fi a ƙirga a rayuwarsa, amma bai iya cewa wannan ƙugiya ce ko rawar hannu ba.

Auta ta ce daga bakin ƙofa, muryarta ƙasa-ƙasa, “Bar ta haka, Yaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.”

Shafin ƙarshe bai fita daga kwamfuta ba har yau. Shagon ma yanzu rabin yini yake buɗewa. Da azahar ya rufe ya dawo, ya ja kujera kusa da gadon, ya karanta mata littafin da baki, babi ɗaya kowace rana. Muryarsa ba ta karatun labari ba ce, kamar mai karanta takardar haya yake yi, Auta har takan ce aljanin ma in ya ji zai yi barci. Matar dai tana saurare, ko kuma tana kallon taga, ba a iya bambancewa. Hannunta na hagu yana kan cinya a buɗe, yadda yake zama tun da ta kwanta.

Sau uku ke nan suna kaiwa ƙarshe. A takarda ana iya barin harafi babu ƙugiya a wuce, amma baki ba shi da wannan dama, dole ya faɗi ɗaya. Don haka in ya zo wurin sai ya rage murya: ta miƙa hannu ta ce ba ni makullin, ya dube ta, ya yi murmushi. A nan yake tsayawa. Ya ɗan jira, ita ma kamar tana jira. Sannan ya rufe littafin ya ce gobe sa koma farko.

“To,” in ji ta.