Mun Ji Japan, Ba Mu Ji Malanville Ba

Alhamis: daga gida zuwa Garou

Ana kiran assalatu muka gama ɗaure kaya a bayan babur mai ƙafa uku, muna idar da salla muka kama hanya. Mu biyu ne: ni Iliyasu, mai gyaran rediyo da wayoyi a bakin kasuwar Malanville, sai Malam Biyo, tsohon ma'aikacin gidan waya daga Parakou, wanda ya sa ni cikin wannan sha'awa.

Rediyon da muka ɗauka ba na sauraron labarai ba ne. Irin wanda kake magana ne wani ya ji ka a wata ƙasa ya amsa, ba layi, ba kati. Masu wannan sha'awa a duniya tara wurare suke yi kamar yadda wasu ke tara tattabaru. In suka ji murya daga inda ba a taɓa kira ba, musamman tsibiri, sai su yi caa a kanta. Shi ya sa muka zaɓi Gungun Dorina, wani tsibirin masunta a ƙasa da Garou. Ba lantarki da zai sa mana ƙugi a kunne, rezo, wato sabis ɗin waya, kuma ya ɗauke tun da ruwa ya cika. Abin da ya ja mu ke nan, kuma a lokacin daɗi muka ji.

A shingen fita gari jandarmomi suka sa muka kwance komai: batir biyu, fano, wato faifan tara hasken rana, igiyoyi, da sandunan ƙarfe da ake haɗawa su zama turken eriya. Babbansu ya karanta takardar izininmu sau biyu, ya dube ni sama da ƙasa.

"A wanga zamani kuka yawo da eriya bakin gulbi? Ku da wa za ku magana?"

Na ce, "Da duk wanda ya ji mu, ranka shi daɗe."

Ya girgiza kai ya miƙo takardar. Hanyar Garou duk taɓo ce, sau biyu muna sauka muna tura babur. Mun isa da hantsi, muka karya da koko da ƙosai a bakin ruwa.

Alhamis: cikin jirgi

Mai jirgin inji da ya ɗauke mu sunansa Hamadu. Jaka shida na sefa muka yi da shi, kai da ɗaukowa, a kan ya dawo ranar Lahadi. Gulbi ya cika ya yi ja, gonakin shinkafa duk sun nutse, sai kan itatuwa ake gani. Da yake gangara muke, tafiyar ba ta fi awa ɗaya da rabi ba. Hamadu ya ce komowa kuwa sai ta ninka, don ruwa na da ƙarfi.

Tsibirin bukkoki ne da ba su kai ashirin ba, a kan ɗan tudu, ciyawar burgu ta kewaye shi. Mai gari tsoho ne, Baba Alzuma. Ya haɗa mu da ɗansa Garba, wani dogo mai fara'a da 'ya'ya huɗu, ya ce shi ne mai masaukinmu. Garba ya ba mu rumfarsa, matarsa Zalika ta kawo tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa. Kafin la'asar mun kafa turke a kan tudun, da igiya uku da muka ɗaure a turaku cikin ciyawa. Rabin aikin Garba ya yi shi, yana yi yana mana dariya, wai manyan mutane da gemu sun zo shanya waya a sama.

Juma'a: a tsibiri

Da safe mazan tsibirin suka loda busasshen kifi a jirgin injinsu guda ɗaya tak, suka tafi kasuwar Malanville, sai Lahadi. Garba ya kamata ya bi su. Ya ce ba a barin baƙi da mata da tsofaffi, ya zauna.

Na kunna rediyo na faɗi alamar kiranmu, wato haruffa da lambobin da ake gane mu da su, da inda muke. Ban rufe baki ba abin ya barke. Italiya, Jamus, Rasha, Brazil, kowa na ihun tasa alamar a kan ta wani. Ƙa'idar aikin ita ce ka tsinci alama ɗaya cikin hayaniyar, ka maimaita ta, ka ce ka ji shi sarai, ya ce ya ji ka sarai, shi ke nan, na gaba. Muka yini muna karɓa-karɓa ni da Malam Biyo. Ba zan ɓoye ba, na ji kaina ya yi girma. Ni da ke gyaran caja a rumfa, ga duniya na layi a ƙofata.

Da yamma muka samu Japan. Na ɗora wa Garba abin saurare a kunne. Ya zaro ido, sannan ya ce, "Wanga mutum sauri shikai kamar mai tallan magani a tasha." Ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya suka ji.

Asabar

Iska ta taso da asuba ta tumɓuke ɗaya daga turakun igiya, eriya ta karkace. Wajen ƙarfe takwas na ɗauki guduma zan shiga ciyawa, Garba ya karɓe daga hannuna, ya ce ban san inda rami yake ba. Ya shiga har gwiwa, ya sunkuya zai ɗauki igiya, sai muka ji ya yi salati. Na ga baƙin abu ya sulale cikin burgu. Kumurci ne. In ruwa ya cika, duk macizan wurin kan tudu suke komawa. A damtsen hannu ya sare shi.

Ya fito da ƙafarsa, har yana cewa ba komai. Baba Alzuma ya kawo saiwa ya tauna ya shafa, ya ɗauko aska. Malam Biyo ya riƙe hannunsa.

"Baba, don Allah kada a tsaga. Allura ce maganin wannan, tana asibitin Malanville."

"To da mi za mu kai shi?" in ji tsohon. "Jirgi ya tahi. Ƙananan kwale-kwalen ga ba su hawan ruwan ga, ko da ƙarti huɗu."

Ya juyo ya dubi rediyon, ya dube ni. "Kai da ka yi magana da Japan jiya, kira muna Malanville."

Muryar irin wannan rediyo sama take tashi, ta sauka can nesa, ta tsallake na kusa. Ko da ma ta sauka a Malanville, duk garin rediyo ɗaya ne zai iya amsawa, shi ne kuma a gabana. Ban tsaya yi masa wannan bayani ba. Dabara ɗaya ta rage: in samu wani a ƙasar waje ya buga wa ƙanena Sani waya a kasuwa, shi kuma ya nemo Hamadu.

Muka tallabe turken eriya da hannu muka ɗaure shi a jikin rumfa. Na kunna, na faɗi alamarmu, na ce gaggawa ce, rai ne, maciji ya sari mutum, ina neman mai waya a kusa da shi. Na faɗa da Faransanci, na sake da guntun Ingilishin da na iya. Na saki maɓalli.

Sai ihun jiya ya dawo, har ya fi. Sun ji tsibiri ya dawo kan iska, kowa na son ya shiga lissafi. Ba mai saurare. Kowa alamarsa yake maimaitawa, ya ɗan tsagaita, ya sake. Waɗanda suka fahimta kuma suka shiga yi wa sauran tsawa su yi shiru, tsawar tasu ta ƙara toshe wurin. Wani ma ya yi ta busa fito. Na sake faɗa, na sake, har maƙogwarona ya bushe. Wallahi ban taɓa jin tsanar mutanen da ban taɓa gani ba sai ranar. Manya ne fa, masu gidaje da asibiti a bayan gida, ana ce musu mutum na mutuwa suna roƙon a ce an ji su sarai.

Na waiwaya. Garba na zaune jingine da rumfa, fatar idonsa ta fara saukowa kamar mai gyangyaɗi. Ya ce harshensa ya yi nauyi. Zalika na yi masa fifita.

Rana ta ɗaga sosai kafin wata murya mai rawa, ta tsoho, ta ratso da Faransanci. Ya ce daga Beljiyam yake, in murɗa rediyo in matsa sama kaɗan daga wannan mita, zai bi ni. Na murɗa, ya biyo, hayaniyar ta rage. Na ba shi lambar Sani, ya maimaita, ya ce in jira.

Ya dawo ya ce an katse. Ya sake bugawa, aka sake katsewa. Na dafe kai, don na san dalili. Ni da bakina na hana Sani ɗaukar baƙuwar lambar waje, saboda 'yan damfara sun addabi 'yan kasuwarmu. Na ce wa tsohon ya rubuta saƙo, ya fara da Na-Gwaggo, sunan da ba mai kirana da shi sai 'yan gidanmu. Bayan ɗan lokaci ya dawo yana haki kamar shi ya yi gudun, ya ce Sani ya kira shi da kansa, ya fahimta, ya hau babur.

Sauran labarin daga baya na ji. Wayar Hamadu na kashe, sai da Sani ya je Garou da kansa. Ya tarar da jirgi cike da buhunan shinkafa, aka sauke, aka nemo esansi, wato man fetur. Ba wanda ya yi sanya a cikinsu. Duk da haka sai bayan azahar muka ji ƙarar inji.

Asabar: hawan ruwa

Mu huɗu muka ɗauki Garba muka shimfiɗa a jirgi. Lokacin ba ya iya haɗiye miyau, amma yana jinmu, don in an kira sunansa yatsunsa na motsi. Baba Alzuma ya ɗora kansa a cinya. Hamadu ya buɗe inji iyakarsa, jirgi na rawa, bakin gaɓa kuwa kamar ba ya matsawa. Numfashin Garba ya koma gajere. Malam Biyo ya durƙusa yana hura masa iska a baki, ya huta, ya sake, har shi ma ya fara jiri, na karɓe shi.

Mun hango dogayen itatuwan Garou lokacin da tsohon ya dafa kafaɗata.

"Bari hakanan, ɗana."

Ya shafe idon Garba, ya yi salati, ya gyara masa hannu. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Hamadu, juya."

Komowa ba ta ɗauki komai ba, ruwa ne ya kai mu. Tun daga nesa matan suka ga jirgi ya dawo da wuri, suka gane.

Maƙabartar tsibirin na ƙarƙashin ruwa. Busasshen wuri ɗaya ya rage da za a iya haƙa, kan tudun da muka kafa eriya. Ni da Malam Biyo muka kwance turken muka jefar gefe, muka karɓi fartanya. Da mu, da Hamadu, da tsofaffi uku muka yi masa salla, muka rufe shi bayan magariba.

Na je gaban Baba Alzuma na durƙusa. Ya ce, "Baƙo bai da laihi. Kwanansa sunka ƙare." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Zalika ta aiko mana da tuwo kamar kullum. Ba ta fito ba, mu ma ba mu iya ci ba.

Lahadi: komowa gida

Mun bar wa gidan fano da batir ɗaya, muka loda sauran. A hanya muka yi kiciɓis da jirgin mazan tsibirin suna dawowa daga kasuwa, suna ɗago mana hannu da murna. Hamadu ya rage inji ya matsa kusa ya gaya musu. Ƙanen Garba na ciki, da sabon takalmin yara a hannu.

A shinge jandarman nan ya gane mu, ya ce, "To, an ji ku?" Malam Biyo ya ce an ji mu. Daga tasha ya wuce Parakou, ko gidana bai biya ba.

Na shiga gida bayan la'asar. Ban gama cire takalmi ba Sani ya miƙo mini wayarsa, ya ce mutumin jiya ne, tun safe yake kira. Tsohon ya gaishe ni, ya ce ya kasa haƙuri ne, yana son ya ji ko an kai asibiti a kan lokaci. Na ce masa ba a kai ba. Sai ya tambaye ni sunan mamacin. Na ce Garba. Ya maimaita, bai faɗa daidai ba, na gyara masa, ya sake har ya iya. Ya tambayi 'ya'ya nawa ya bari. Da na ce huɗu, sai na ji yana kuka, ni ma a nan nawa ya zo.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu gida. Na gode wa Hamadu da Sani, da wannan tsoho da ban san fuskarsa ba, da mutanen Gungun Dorina da suka ciyar da mu har a ranar da muka haƙa kabarin ɗansu. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Garba ɗan Alzuma addu'a. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.