Kwanon Yakuba a bakin zaure

Yakuba mutumin Zermu ne, amma gona ba ta riƙe shi ba. Yana saurayi ya shigo Damagaram neman abin yi, ya yi dako a kasuwa, ya yi turin ruwa, har wani ya kai shi sansanin Shinuwa, wato mutanen ƙasar Sin, da ke hanyar Tanut, inda ake neman mai wanke-wanke. Shekara goma sha ɗaya ya yi a can. Yarensu bai shiga kansa ba, amma girkinsu ya shiga hannunsa, don tsaye ya yi ta yi bayan wani tsohon kuku mai faɗan tsiya. In ka bar kabeji, wanda mu a nan muke ce wa shu, ya yi laushi a wuta, sai tsohon ya kifar da kaskon ya nuna maka ƙofa.

Da aikin ya ƙare aka sallame su, Yakuba ya dawo unguwar Garin Malam a Damagaram da wuƙa mai faɗi guda ɗaya, ya sa maƙeri ya buga masa kasko mai zurfi. Girkin manya ya mai da shi na talaka. Baƙin ruwan nan da Shinuwa suke zubawa a abinci ya fi ƙarfinsa, sai ya jiƙa daddawa ya tace, ya sa gishiri da ɗan sukarin da ya ƙona. Shinkafar da ta kwana ba ya zubarwa, ita ce ma ta fi soyuwa. Ƙwai ɗaya ya ishe shi, da rabin shu na lambun Mirriya, da citta, da tafarnuwa, da lawashi, da man gyaɗa kaɗan. Gawayi ya ja ja, kasko ya yi hayaƙi, kafin ka gama alwala ya sauke.

Unguwa ta sha dariya. Namiji da gemunsa tsugune gaban murhu, kuma abincin ma ɗanye, yana ƙaras-ƙaras a baki. Ita kanta Balki matarsa, ranar farko cewa ta yi, "Malam, wannan ai na akuya ne." Amma ta ci, washegari kuma ta tambaya ko da saura. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu suke cin abinsu a kwano ɗaya.

Bara da damina ciwo ya kama Balki a ciki. Aka je asibiti aka dawo, aka sake komawa, likita ya ce ta daure ta riƙa cin abinci, in ba haka ba magani ba zai zauna ba. To, nan ne wuyar. Ƙanshin miya kawai ta ji sai amai, fura ma ta ƙi ta. Abu ɗaya ne yake wuce mata: shinkafa da Yakuba yake dafawa ruwa-ruwa kamar kunu, da shu ɗin nan nasa mai citta a kai, wanda bai yi laushi ba. Cokali biyar, wata rana bakwai. Yakuba ya daina tunanin komai a duniya sai waɗannan cokula.

Sai Inna Jummai, mahaifiyar Balki, ta zo jinya daga Dakusa. Tsohuwa ce mai kirki, ba ta zo da rigima ba. Amma suruka suruka ce. Yakuba ba ya haɗa ido da ita, ba ya cin abinci inda take, balle ya ɗaura zani a ƙugu ya hau fifita wuta a gabanta. Ya kwashe kaskonsa ya koma bayan teburin Habibu mai shayi. Kullum da hantsi ya yi girkinsa a can, ya rufe kwano, ya ajiye a bakin zaure, ya yi gyaran murya ya wuce. Da la'asar ya tarar da kwanon a wanke, a kife.

In zai shiga duba matarsa, Inna takan ja mayafi ta fita tsakar gida. Ya tsuguna gefen katifa.

"Kin ci?"

"Na ci, Malam."

"Duka?"

"Allah ya saka maka."

Tana ramewa yana gani. Hannunta ya koma kamar kara. Amma kwano yana dawowa babu komai, don haka ya ce wa ransa ciwon ne ya fi ƙarfin abincin. Ba ya kuka, ba ya hira, ko yunwa ba ya ji. Ya yanka shu, ya soya, ya kai, ya ɗauko kwano, ya sake. Habibu yana yi masa magana, sai ya ga bakin mutum yana motsi kawai.

Kwana ashirin da uku aka yi haka. Ranar wata Laraba da walaha Balki ta cika. Ya bi gawa, ya zuba ƙasa, ya zauna a tabarma yana amsa "Allah ya ji ƙanta" da "amin", bai ji komai a ƙirjinsa ba. Abin da yake riƙe da shi ɗaya ne, cewa ba ta tafi da yunwa ba.

Bayan sadakar bakwai Inna ta ɗaure kayanta za ta koma Dakusa. Ya zo sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ita ma ba shi ta duba ba, bango ta fuskanta, kamar da matan da ke ɗakin take magana.

"Yaron nan ya yi ƙoƙari, Allah ya ba shi lada. Ko rana ɗaya bai fasa aiko abinci ba. Sai dai namiji ne, ba ya bari ya nuna. Ni kuwa yaya zan ba marar lafiya ɗanyen shu? Sai in mai da shi tukunya, in ƙara ruwa da 'yar kanwa, ya dahu luguf. Duk da haka baiwar Allah ko cokali ɗaya ba ta iya kaiwa baki. Da azahar in ba yaran maƙwabta, in wanke masa kwanonsa, kar ransa ya ɓaci."

Matan suka ce Allah sarki. Wata ta ce ai samun irin wannan miji sai an tona.

Yakuba yana nan durƙushe. Ya tuna yadda Balki take cewa "na ci" tana duban ƙofar da uwarta ta fita. Ya jira ya ji wani abu ya taso masa, fushi ko kuka, babu abin da ya zo.

"Na gode, Inna," ya ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Ya tashi ya ɗauki ƙullin kayanta, ya kai mata har tasha.